Haɗin kan ƙwayoyin gado a cikin sel ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake auna shi

An shirya wannan shafi ne domin ɗalibai da malaman kimiyyar halittu, da duk wanda ya taɓa jin an ce ƙwayoyin gado suna "aiki tare" ya so ya san ta ina aka gano haka. Kalmomi uku za su yi ta dawowa. Sel shi ne ƙaramin tubalin da aka gina jikin mai rai da shi, kuma jikin babban mutum na ɗauke da tiriliyan 30 ko fiye. Ƙwayar gado yanki ce ta DNA mai ɗauke da umarnin ƙera furotin, ɗan Adam na da wajen 20,000. RNA ɗan aike kuwa kwafin umarnin ne, wanda ake fitarwa duk sa'ad da ƙwayar gado ta shiga aiki. Shi ake ƙirgawa.

Me ake nufi da haɗin kan ƙwayoyin gado?

Misali mafi kusa yana cikin jininmu. Himoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin, ana haɗa shi ne da sarƙa huɗu: alfa biyu, beta biyu. DNA ɗinmu a rabe yake cikin dunƙule-dunƙule da ake kira kuromosom. Umarnin alfa yana kan kuromosom na 16, na beta yana kan na 11. Ba maƙwabta ba ne, amma dole jan sel na jini da ke girma a ɓargo ya ƙera su kusan daidai wa daida. Idan ɗaya ta yi ƙasa, rarar ɗayar sai ta dunƙule ta lalata sel ɗin, wannan ita ce cutar talasimiya.

To haɗin kai shi ne wannan: ƙwayoyin gado biyu ko ɗari su tashi tare, su lafa tare, ko kuma tashin wata ya zama kwanciyar wata. Abin da masu bincike ke son aunawa shi ne ƙarfin wannan tafiya tare, da waɗanda ke cikinta, da lokacin da take sassautawa.

Me ya sa sai an bi sel ɗaya-ɗaya? Ai da can ana niƙa tsoka gaba ɗaya a auna.

Idan aka kai gero da dawa da masara inji aka niƙa su tare, garin ba zai gaya maka ƙwayar da ta yi ƙwari ba. Tsohuwar hanyar ke nan: miliyoyin sel a niƙe wuri ɗaya, a samu matsakaici. Matsakaicin 50 na iya nufin kowane sel na da kwafi 50, yana kuma iya nufin rabi na da 100, rabi ba su da ko ɗaya. A maganar haɗin kai abin ya fi muni. Ƙwayoyin gado biyu za su iya ƙaruwa tare a cikin tsokar da aka niƙa, alhali ba su taɓa zama a sel ɗaya ba, kowace tana aiki a nata nau'in sel.

A 2013 Alex Shalek da abokan aikinsa a Amurka sun duba sel 18 kacal na garkuwar jikin ɓera, duk iri ɗaya a ido, duk an tsokane su da sinadari ɗaya na bakteriya. Sai ga wani rukuni na ƙwayoyin gado masu yaƙi da bairos yana tashi tare a wasu sel ɗin, yana kwance tare a wasu. Da niƙa su aka yi, da babu wanda zai gani.

Ta yaya ake karanta aikin ƙwayoyin gado a sel guda?

An fara ne a 2009, lokacin da Fuchou Tang, a ɗakin binciken Azim Surani da ke Cambridge a Ingila, ya karanta RNA na sel guda daga ɗan tayin ɓera. A lokacin da hannu ake tsinto kowane sel. Sauyin ya zo a 2015, da aka fitar da hanyoyi biyu daga Harvard, Drop-seq da inDrop. Aikin Drop-seq na farko ya karanta sel sama da 44,000 na idon ɓera.

Ga yadda ake yi a taƙaice. Ana jiƙa tsoka a sinadarin da ke raba sel da sel. Ana tura su ta siririyar hanya, inda kowane sel ke shiga ɗigon ruwa da ke yawo a cikin mai, tare da wani ɗan dutsen ado mai ɗauke da lambar shaida. A cikin ɗigon sel ya fashe, RNA ɗinsa ya manne wa dutsen, ya ɗauki lambar. Daga nan sai a haɗa komai, a mayar da RNA zuwa DNA, a ninka shi, na'ura ta karanta. Lambar ce ke nuna sel ɗin da kowane kwafi ya fito. Akwai lamba ta biyu da ake kira UMI, wadda ke kan kowane kwafi shi kaɗai, don kada a ƙirga abu ɗaya sau goma bayan an ninka.

Abin da ke fitowa tebur ne: layuka ƙwayoyin gado, ginshiƙai sel-sel, kowane gurbi na ɗauke da adadin kwafin da aka kama.

Tunda ana fasa sel kafin a karanta shi, ta ina ake ganin cewa ƙwayoyin gado na tashi tare?

Ba a gani. Hasashe ake yi, kuma duk wanda zai karanta irin wannan bincike ya riƙe wannan da kyau.

A ce an ɗauki hoton kowane gida a gari sau ɗaya tak, cikin dare, sannan aka rushe gidan. Ba wanda ya ga lokacin da aka kunna fitila ko fanka. Amma idan a gida dubu duk inda fitila ke ci fanka ma na juyawa, duk inda take a kashe fanka na tsaye, sai a ce akwai abin da ya haɗa su. Bambancin da ke tsakanin gida da gida ne ya tsaya a madadin lokacin da ba a gani ba. Haka ake yi da sel: ana ɗaukar cewa kowanne an kama shi a wani hali daban, sai a duba waɗanda ke sauyawa tare daga wannan sel zuwa wancan.

Hoton bai faɗi dalili ba. Wataƙila maigida ne ke kunna su tare, wataƙila kuma taransfomar unguwa ce ke kawo wuta ta ɗauke. Kusan duk rigimar wannan fanni a kan bambance waɗannan biyun take.

Wane lissafi ake amfani da shi?

Mafi sauƙi shi ne ma'aunin Pearson, lamba daga −1 zuwa +1. Kusa da +1 suna tashi tare, kusa da −1 suna saɓawa, sifili babu alaƙa ta miƙaƙƙen layi. Matsalarsa sel biyu ko uku masu lamba mai girman gaske na iya jan sakamakon duka. Ma'aunin Spearman yana jera sel ne daga ƙarami zuwa babba ya yi aiki da matsayinsu a layi, don haka bai damu da irin waɗannan ba, sai dai idan mafi yawan sel na da sifili, duk sun yi kunnen doki, jerin ya rasa ma'ana. Akwai kuma ma'aunai masu duba ko sanin ɗaya na rage jahilcinka game da ɗayar ko da alaƙar a karkace take, da masu duba ko rabon da ke tsakanin biyun na nan daram daga sel zuwa sel.

A 2019 wata tawaga a Jami'ar British Columbia ta Kanada ta gwada ma'auni 17 a kan tarin bayanai 213. Masu duba rabo ne suka zo kan gaba. Duk da haka har yau Pearson da Spearman aka fi gani a rubuce-rubuce, saboda su kowa ya iya.

Wani abin lura shi ne yawan tagwayen da ake gwadawa. Ƙwayoyin gado 20,000 na ba da tagwaye kusan miliyan 200. Idan aka bi ƙa'idar nan ta yarda da kuskure 5 cikin 100 ba tare da gyara ba, tagwaye wajen miliyan 10 za su fito a matsayin masu alaƙa ko da babu komai tsakaninsu.

Akwai lamba ɗaya da za ta faɗi ƙarfin haɗin kai gaba ɗaya, ba tagwaye-tagwaye ba?

Akwai ƙoƙarin hakan. Wanda aka fi ambata shi ne GCL, wanda tawagar Amir Bashan ta Jami'ar Bar-Ilan a Isra'ila ta fitar a 2020. Dabararsa mai kyau ce. A raba ƙwayoyin gado gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Da rabin farko kaɗai, a auna nisan kowane sel da kowane sel, wato waɗanne ne suka yi kama, waɗanne suka bambanta. A sake yin haka da rabi na biyu. Sai a tambaya: sel biyun da suka yi kama a rabin farko, sun yi kama a na biyun? Idan kowace ƙwayar gado harkar gabanta take yi, taswirorin biyu ba za su dace ba, lambar ta tsaya kusa da sifili. Idan akwai haɗin kai, rabi ɗaya zai ba da labarin ɗayan. Ana maimaita rabon sau da yawa a ɗauki matsakaici. Lissafin da ke ƙarƙashinsa ma'aunin nisa ne da Gábor Székely da Maria Rizzo da wani abokin aikinsu suka gabatar a 2007.

Amfaninsa ba ya buƙatar ka san wa ke juya wa. Rauninsa kuma daga nan ya fito: ba ya gaya maka su waye suka haɗa kai, kuma duk abin da ya raba sel gida biyu zai ɗaga lambar. Ka zuba nau'in sel biyu a kwano ɗaya, GCL zai hau sama ko da a cikin kowane nau'i babu haɗin kan komai.

Da gaske ne tsufa na wargaza haɗin kan ƙwayoyin gado?

Tsugune ba ta ƙare ba a kan wannan. A 2006 ɗakin binciken Jan Vijg ya auna 'yan ƙwayoyin gado a sel-sel na zuciyar ɓera, ya ga bambanci tsakanin sel da sel ya fi yawa a tsofaffi. A 2017 aka samu makamancin haka a sel na garkuwar jikin ɓera bayan an tsokane su, da kuma a fankiriyas na mutum, gaɓar da ke samar da insulin, inda aka duba sel sama da 2,500 daga mutum takwas. Masu GCL kuma suka ruwaito cewa lambarsu na raguwa da shekaru a ɓera da mutum da ƙudan 'ya'yan itace.

Sai a 2022 wasu masu bincike a Sifaniya suka koma kan bayanan tsofaffin gaɓoɓi da ma'aunai daban-daban gefe da gefe, ba su ga ƙaruwar hargitsi ta bai-ɗaya ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne sauyin yawan nau'o'in sel a cikin gaɓar, musamman na garkuwar jiki.

A lura cewa tambayoyi biyu ne ake yawan cakuɗawa. Yawan bambanci tsakanin sel abu ne daban, haɗin kai abu ne daban. Sel na iya bambanta sosai alhali ƙwayoyin gadonsu na sauyawa a sahu ɗaya. A ganina maganar tsufa na da ƙamshin gaskiya a wasu gaɓoɓin, amma wanda ya faɗe ta kamar doka ya riga hujja.

Me ya sa teburin ke cike da sifili?

Dalili biyu ne, kuma a ido ba a bambance su. Na farko na na'ura ne. Sel na dabba mai shayarwa na ɗauke da kwafin RNA ɗan aike dubu ɗaruruwa, amma hanyar ɗigo 'yan dubbai zuwa dubu gomomi take kamawa. Ƙwayar gadon da ke da kwafi biyar a sel, sau da yawa ba a kama ko ɗaya. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne kashi 90 cikin 100 na teburin ya zama sifili. Abin takaici, ƙwayoyin gadon da ke ba sauran umarni suna cikin masu ƙarancin kwafi, wato waɗanda aka fi buƙata su ne aka fi rasawa.

Na biyu na halitta ne. Ƙwayar gado ba ta zuba kamar famfon da aka bari a buɗe. Takan yi shiru na tsawon lokaci, ta zubo kwafi da yawa a ɗan taƙi, ta sake yin shiru, kamar ruwan farkon damina. Arjun Raj da abokan aikinsa sun nuna haka a sel na dabbobi masu shayarwa a 2006.

Illar duka biyun ɗaya ce: suna rage lambar ma'aunin alaƙa. Alaƙar da a gaskiya mai ƙarfi ce tana iya fitowa 0.1 ko 0.2.

To me zai hana a cike guraben sifilin da hasashe?

Akwai manhajojin da ke yin haka, irin su MAGIC, ta hanyar aro daga sel masu kama da juna. Don zana hoto mai kyau ba laifi. Don auna haɗin kai kuwa kada a yi. Idan ka cike gurbin ƙwayar gado ta ɗaya da ta biyu daga maƙwabta guda, kai da hannunka ka sa su tafiya tare. A 2018 Tallulah Andrews da Martin Hemberg na Cibiyar Sanger a Ingila sun nuna yadda irin wannan cikon ke haifar da alaƙar da babu ita.

Waɗanne abubuwa ne ke haifar da haɗin kan bogi?

A nan gizo ke saƙa, don haka za a ɗan daɗe.

Babbansu cakuɗa nau'o'in sel. A jini, duk ƙwayoyin gadon da ke aiki a sel na B kaɗai, wani nau'in sel na garkuwar jiki, za su nuna alaƙa mai ƙarfi idan aka lissafa da dukkan sel na jini, don kawai suna nan a B, babu su a sauran. Wannan bai wuce cewa mazauna unguwa ɗaya taransfoma ɗaya suke sha ba. Tambayar da ta fi wuya ita ce ko a cikin sel na B zalla har yanzu suna tafiya tare.

Sai girman sel da yawan abin da aka kama. Babban sel ya fi ƙarami yawan RNA, wani ɗigon kuma ya fi wani kamu. Idan ba a gyara ba, komai zai yi alaƙa da komai. Gyaran da aka saba shi ne a raba kowace lamba da jimillar sel ɗin, amma shi ma da nasa tarkon. Tunda rabon kowa dole ya haɗu ya ba da 100, idan wata ƙwayar gado ta cinye kaso mai yawa, kason sauran duka zai sauka tare, su yi kamar sun haɗa kai. Karl Pearson da kansa ya yi gargaɗi a kan irin wannan tun 1897.

Akwai zagayen rabuwar sel. Wanda ke shirin rabuwa biyu yana kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado a lokaci guda. Haɗin kai ne na gaskiya, amma yakan rufe wanda kake nema.

Akwai kuma ɓarnar da aikin kansa ke yi. Wani lokaci sel biyu ke faɗawa ɗigo ɗaya, a karanta su a matsayin guda mai halin biyu. RNA na sel ɗin da suka fashe tun da wuri yana yawo a ruwan ya shiga kowane ɗigo, shi ya sa ake ganin kwafin himoglobin a sel ɗin da ba ruwansu da shi. Jiƙa tsoka a ɗumin jiki, digiri 37, yana firgita sel su kunna ƙwayoyin gado irin su FOS da JUN tare, kamar yadda wata tawaga a Holan ta nuna a 2017 da sel na tsokar ɓera. Mai bincike zai iya ɗauka ya gano sabon rukuni, ashe sawun hannunsa ne. Idan kuma an yi samfurin matasa ranar Litinin, na tsofaffi ranar Alhamis, babu lissafin da zai raba tasirin tsufa da tasirin rana.

Magani mafi arha shi ne gwajin hargitsawa. A ɗauki lambobin kowace ƙwayar gado a watsa su tsakanin sel ba tsari, ta yadda duk wata alaƙa ta gaskiya ta mutu, sannan a sake lissafi. Duk abin da ya rage, hanyar lissafin ce ta ƙirƙire shi.

Ƙwayoyin gadon da ke aiki ɗaya ai dole su tashi tare, ko ba haka ba?

Hankali haka yake cewa, gwaji ya ce ba lallai ba. A 2011 ɗakin binciken Robert Singer a New York ya ƙirga kwafin RNA ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma a cikin sel na yis. Ƙwayoyin gadon da ake kunnawa idan aka ba yis sukarin galaktos sun tashi tare. Amma waɗanda ke ƙera sassan manyan injinan sel da ake buƙata kullum, alaƙarsu da juna ba ta fi ta baƙi biyu ba. Injinan kuma suna haɗuwa lafiya lau, saboda furotin ya fi RNA daɗewa nesa ba kusa ba, sai ya shanye tangal-tangal ɗin.

A 2010 tawagar Sunney Xie a Harvard ta ga abin da ya fi wannan ban mamaki a bakteriyar E. coli: a cikin sel guda, yawan RNA na ƙwayar gado bai nuna yawan furotin ɗinta ba. RNA na mintuna ne, furotin na sa'o'i. Tun 2002 ma Michael Elowitz ya sa ƙwayoyin gado biyu masu makunni iri ɗaya, wato yankin DNA da ke kunna su, a bakteriya guda, kowace na ba da launinta, kuma ba kullum launukan ke zuwa daidai ba. Saboda haka rashin alaƙa a teburin RNA ba ya nufin babu aiki tare.

Idan biyu na tafiya tare, ɗaya ce ke juya ɗayar?

Kama da wane ba ta wane. Tana iya yiwuwa ta ɗaya ke kunna ta biyu, ko ta biyu ke kunna ta ɗaya, ko wata ta uku ke juya su duka. Akwai manhajoji da yawa da ke zana taswirar wa ke juya wa daga teburin kaɗai. Da aka gwada 12 daga cikinsu a 2020 a Virginia Tech ta Amurka, sakamakon bai taka kara ya karya ba.

Hanyar da ta fi ita ce a sa hannu. Perturb-seq, wadda ta fito a 2016, tana amfani da CRISPR, dabarar gyara ƙwayoyin gado, ta kashe ƙwayar gado daban a kowane sel, sannan a karanta abin da ya sauya. A 2022 ɗakin binciken Jonathan Weissman ya yi haka a sel sama da miliyan 2.5. Ɗaya hanyar ita ce kallo kai tsaye a sel mai rai. A 2016 tawagar Michael Levine a Princeton ta ɗauki bidiyon ɗan tayin ƙuda, aka ga ƙwayoyin gado biyu masu makunni ɗaya suna zubowa a lokaci guda. Gani ya kori ji, sai dai biyu ko uku kawai ake iya kallo haka, ba dubbai ba.

Akwai haɗin kan da ke nufin ɗaya ta yi magana sauran su yi shiru?

Akwai, kuma ɗaya daga misalansa mafi kyau yana cikin cutar da ta fi damun mu. Ƙwayar cutar maleriya, Plasmodium falciparum, tana da ƙwayoyin gado kusan 60 da ake kira var, masu ƙera furotin ɗin da take mannawa a bayan jan sel ɗin da ta shiga. Guda ɗaya take kunnawa a lokaci, sauran a kulle. Idan garkuwar jiki ta gane wannan, wasu daga cikin zuriyarta sun riga sun sauya riga. Irin wannan tsari ne a hanci, inda kowace jijiyar shinshina ke zaɓar ƙwayar gado ɗaya daga cikin ɗaruruwa. Auna shi da wahala, domin sifilin na'ura ma kama da shiru yake yi.

Ƙwayar maleriya sel ɗaya ce, don haka wannan fasaha ta dace da ita. A 2017 masu bincike a New York suka bi ƙwayoyin cutar ɗaya-ɗaya, suka ga rukunin da ke tashi tare da AP2-G, makunnin da ke sa wasu su koma nau'in da sauro ke ɗauka. A 2019 tawagar Mara Lawniczak a Cibiyar Sanger ta fitar da taswirar ƙwayoyin cuta 1,787 na nau'in da ke kama ɓera, a duk matakan rayuwarsu. Najeriya kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, don haka tambayar me ke sa ƙwayar cuta ta shirya komawa cikin sauro ba ta nesa ba ce.

Yana da wani amfani a asibiti?

Ba gwaji ba ne da likita zai rubuta maka yau. Amma ya sauya yadda ake tunani. A 2017 Sydney Shaffer da Arjun Raj a Jami'ar Pennsylvania sun gano cewa a cikin sel na sankarar fata akwai 'yan tsiraru da ke kunna rukunin ƙwayoyin gado irin su EGFR da AXL tare, na ɗan lokaci, ba tare da DNA ɗinsu ya sauya ba. Su ne suka fi tsira idan aka zuba magani.

A cutar sikila ma darasin sel ɗaya-ɗaya tsoho ne. Himoglobin na jarirai yana hana jan sel lanƙwashewa, maganin hydroxyurea kuma ƙara shi yake yi. Amma mutum biyu masu adadi ɗaya a gwajin jini na iya bambanta, idan na ɗaya ya bazu a dukkan sel, na ɗayan kuma ya taru a kaɗan ya bar sauran ba kariya.

Sel nawa ake buƙata?

Ga ƙiyasi mai sauƙi: kuskuren ma'aunin Pearson kusan ɗaya ne bisa tushen murabba'in yawan sel. Da sel 100, lambar na iya lilo da 0.1 ko 0.2 ba dalili. Da 10,000 lilon ya koma wajen 0.01. Kuma yawan sel na nau'in da kake dubawa ake nufi, ba jimillar samfurin ba.

Amma yawan sel ba ya maye gurbin yawan dabbobi ko mutane. Sel 10,000 daga ɓera ɗaya tsoho da 10,000 daga ɗaya matashi kwatancen ɓera biyu ne kawai. Wanda ya tambayi mutum hamsin a gida ɗaya bai ji ra'ayin gari ba.

Ba ni da ɗakin gwaji. Zan iya taɓa wannan aiki?

Sosai. Samar da bayanan ne ke da tsada, lissafin kuwa kwamfutar tafi-da-gidanka da intanet sun isa farawa. Ana ajiye bayanai kyauta a rumbun GEO na Amurka da dandalin CELLxGENE, da kuma na shirin Human Cell Atlas da Aviv Regev da Sarah Teichmann suka jagoranci kafawa a 2016. Manhajoji biyu aka fi amfani da su, Seurat a harshen R da Scanpy a Python, duka kyauta.

Ka fara da tarin sel 2,700 na jinin mutum da kamfanin 10x Genomics ya saki, wanda darussan farko na manhajojin biyu ke amfani da shi. Ka lissafa alaƙar CD79A da MS4A1, ƙwayoyin gado biyu da ke aiki a sel na B, a kan dukkan sel, za ka samu babbar lamba. Ka ware sel na B kaɗai ka sake, za ka ga ta zube. Sannan ka hargitsa lambobin a cikin sel na B ɗin sau ɗari, ka duba ko ɗan abin da ya rage ya wuce abin da hargitsin ke bayarwa.